Kofin da Fahad Ya Ware

Ranar Lahadin nan saƙon Fahad ne ya fara shigo mini waya, ina kan sallaya ko naɗe ta ban yi ba.

"Ranki ya daɗe, kada ku sayi lemo ko ɗaya, abin sha yau a wuyana yake. Ki dai sa mini dogayen kofunan gilashin nan na Mami a firij su ɗauki sanyi."

Na karanta na sake karantawa. Kofi a firij? Ni dai a iya sanina lemo ake sanyayawa. Kuma yaushe ya ƙare wa kabad ɗin Mami kallo har ya san tana da kofuna masu siririyar ƙafa, waɗanda ni kaina tun zuwana gidan ban taɓa ganin an sha ko ruwa da su ba?

Na tura masa, "To, Yaya Fahad."

Ya turo mini 'yar fuskar nan mai murmushi. Ban mayar ba.

Bari in gabatar muku da kaina, masu karatu, don kada ku ce yarinyar nan neman rigima kawai take yi. Sunana Afnan. Ina aiki a wani kantin magani a unguwar Northwest a nan ƙasar Turawa, kullum a jirgin ƙasa na Metro nake zuwa in dawo. A garin Mitchellville nake zaune, gidan ƙanin mahaifina Dakta Maitama, wanda nake kira Baffa. Shi ya ɗauko ni daga Kaduna bayan rasuwar Abbana, ya sa ni a makaranta, shi da matarsa Hajiya Sailuba, Mami kenan, suka riƙe ni kamar su suka haife ni. Duk Bahaushen da ke yankin nan ya san Baffa. In an yi haihuwa shi ake kira ya yi addu'a, in aure ya taɓu gidansa ake kawo ƙara, in za a kai gawa gida shi ne kan gaba.

Kuma Baffa mutum ne mai tsanani a kan samarina. Akwai wanda ya kora don ya gaishe shi a tsaye. Akwai wani likita ɗan Zariya da ya ce wai idonsa ya cika rawa. Sai ga Fahad, injiniya, ɗan Kano, wanda Baffa ya kawo gida da kansa, tun ranar kuma bai ga aibinsa ba. Da safe Fahad, da yamma Fahad. Har Ummata da ke Kaduna ya kira ya cika mata kunne, ita kuma ta dawo kaina da saƙon murya: "Afnan, Baffanki ya ce yaron nan ba shi da makusa. Me kike jira ne wai? Ƙannen bayanki ma duk suna ɗakunansu."

Ba zan ɓoye muku ba, Fahad ya kwanta mini a rai. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, in yana sauraronki sai ki ɗauka ba shi da wani aiki a duniya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne gaggawar Baffa. Mutumin da ke tankaɗe da rairayar duk wanda ya yi sallama da ni, me ya sa wannan karon ko tambaya ɗaya bai yi ba?

Mami na da al'ada, in zafi ya shigo takan tara 'yan uwa da abokan arziki ranar Lahadi da hantsi, abin da mutanen nan ke kira brunch, wato kalacin da ya makara bai kuma kai abincin rana ba. Amma na ranar daban yake. Tun jiya ta fito mini da wani leshi ruwan zuma ta ce shi zan sa, ta kuma ajiye mini sarƙar gwal ɗinta a gaban madubi. Ba wanda ya ce mini uffan, amma ni ba yarinya ba ce. Na san sanarwa ake shiryawa.

Na sauko na tarar kicin ya ɗauki ƙamshi. Masa na soyuwa a tanda, miyar taushe na ɓararraka, ga ƙosai, ga kunun gyaɗa a filas, ga farfesun kayan cikin da Mami ta sayo a shagon 'yan Afirka na Landover. Ƙawata Kaneng, nas ce 'yar Jos, ta zo kai tsaye daga coci da ɗaurin ɗankwalinta kamar zai taɓo silin, ta ɗaura tsohon zanen Mami a ƙugu tana juya masa.

Tana ganina ta rangaɗa guɗa. "Amarya!"

"Kaneng, ba na so."

"To, a bari sai an sanar. Hajiya, kin ga yadda leshin nan ya karɓe ta kuwa?"

Mami ta yi murmushi ba ta ɗago daga kan tukunya ba.

Ta ƙofar gareji Fahad ya shigo, cikin shadda ruwan toka da hular da ta dace da ita, hannuwansa cike da ledoji. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Mami, ya yi wa Kaneng barka da coci, sannan ya dube ni ya ɗan daɗe. Na sunkuyar da kai. Ya naɗe hannun rigarsa ya fara jere kaya a kan teburin tsakiya: nunannun mangwaro, abarba, gwaiba mai jan ciki, lemon tsami, ɗanyar citta, ƙullin na'a-na'a. A ƙarshe ya fito da wasu korayen kwalabe masu wuya naɗe da takardar gwal.

Ban san lokacin da na ɗauki ɗaya na juya bayanta ba. Na karanta duk ƙananan rubutun da ke jiki. Ruwan inabi ne mai gas, babu giya ko ɗigo, har da tambarin halal. Na ɗauki ta biyu, haka. Ta uku, haka.

"Hajiyar magani ta gama bincike?" ya ce yana dariya.

"Karanta kwalba ai aikina ne."

"To ba ni wuƙa da katako, da blanda, da rariya mai ƙananan ido."

Masu karatu, da ma kun ga hannun mutumin nan. Ya fere abarba ya cire idanunta tas bai yi asarar tsoka ba. Ya yanko kumatun mangwaro ya kwashe su da cokali. Ya zuba su a blanda tare da gwaiba da ɗan yankin citta, ya matse lemon tsami ta cikin yatsunsa don kada ƙwallo ya faɗa. Da ya markaɗa ya tace, ya sake tacewa.

"Me ya sa har sau biyu?" Kaneng ta tambaya.

"In akwai zare-zaren mangwaro a ciki, kumfar mutuwa take yi nan da nan."

"Ƙanƙara fa?"

"A'a. Ƙanƙara tsinka shi take ya salance. Shi ya sa na ce a sanyaya kofunan."

Sai ya zo kan kwalba. Ya ɓare takardar gwal ɗin, ya ɗora tawul a kan murfin, ya warware wayar da ta ɗaure shi. Ni da Mami muka ja baya muna jiran ƙara irin ta wurin biki. Shi kuwa ya riƙe murfin gam, ya riƙa juya gindin kwalbar a hankali, sai muka ji ɗan "tsss" kamar ajiyar zuciyar jariri. Ko ɗigo bai zuba ba. Ya ɗauko kofi mai raɓa, ya zuba markaɗen kayan itacen bai kai rabi ba, ya karkata kofin ya tsiyaya ruwan inabin ta gefe. Launin ya taso daga ja-ja zuwa ruwan ɗorawa, ƙananan kumfa suna ta gudu zuwa sama.

Ya miƙo mini. Na kurɓa. Wallahi ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, zaƙi da tsami da ɗan yajin citta can a maƙogwaro. Daɗin nan ma shi ya ƙara tayar mini da hankali.

Kaneng ta matso kusa da kunnena. "Ƙawata, ni da nake cin Kirsimeti tun ina goye, ban taɓa ganin wanda ya buɗe kwalba haka ba sai ma'aikatan mashaya."

Na ajiye kofin. "Yaya Fahad, a ina ka koyi wannan?"

Bai daina zubawa ba. "Lokacin ina ɗalibi na yi aiki a ɗakin cin abincin wani otel, Asabar da Lahadi. Kin san Turawa da brunch ɗinsu. Su da giya mai kumfa suke haɗawa, ni kuma na sauya ta da wannan."

"Ka taɓa ɗanɗana tasu?"

"Afnan!" Mami ta ce daga bakin murhu.

"Ƙyale ta, Mami." Ya dube ni cikin ido. "Ban taɓa ba."

Amsar ta yi kyau. Ta ma cika kyau, kamar wadda aka daɗe da tanada.

Ina nan tsaye wayarsa da ke kan teburin ta yi haske. Ban yi niyyar kallo ba, idona ne ya riga ni. Sunan mai saƙon harafi ɗaya ne, M. Saƙon kuma: "Ka taho da ɗayar?"

Da sauri ya kifa wayar da bayan hannunsa.

M? Maryam? Munira? Maimuna? Kuma ɗayar me? Na ji leshin jikina ya fara yi mini ƙaiƙayi. Na ɗauki wuƙa na hau yanka albasar da ba wanda ya sa ni, ina satar kallonsa ta gefen ido. Ya cika kofuna reras a kan tire, kowanne ya maƙala masa yankin lemon tsami a baki. Sai ya ɗauki wani kofin daban, ya zuba markaɗen kawai, ya ce, "Bari in duba wani abu a gareji." Ya fita da kofin a hannu.

Ku faɗa mini, wa ke zuwa duba abu a gareji da kofi? Da ya dawo kofin a cike yake, yana kumfa kamar sauran. Bai sa masa lemon tsami ba. Ganyen na'a-na'a ya tsinko ya ɗora a kai, ya ajiye shi a kusurwar tiren.

Allah da ikonsa, a daidai lokacin Mami ta ce in ɗauko katan ɗin ruwa a gareji. Na ja hannun Kaneng muka fita. Sai ga wata kular ƙanƙara ta Fahad a bayan motar Baffa, an jingina mata kujerar roba kamar ba a so a gan ta. Na buɗe. A ƙarƙashin ƙanƙara akwai baƙar leda, a cikin ledar koriyar kwalba irin waɗancan sak, sai dai an riga an buɗe ta an mayar da toshiya.

Kaneng ta karɓa ta duba, fuskarta ta sauya. "Afnan, wannan ta gaske ce. Giya ce."

Ba sai ta faɗa ba. Ina cire toshiyar warin ya doki hancina, na zauna a kan katan ɗin ruwan.

Akwai abin da ba a faɗa a danginmu, yau zan faɗa muku. Duk wanda ya tambayi me ya kashe Abbana, cewa ake ciwon hanta, a yi shiru a nan. Gaskiya ne, ciwon hanta ne, amma kwalba ce ta kawo shi. Abba mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu ba. Yakan dawo gida yana taunar kanumfari, Umma kuma ta bi ɗaki da turaren wuta kafin maƙwabta su shigo. Na tashi ina rarrabe warin nan a ƙarƙashin kowane irin turare. Na ga cikinsa ya kumbura, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, na ga Umma ta tsufa a tsaye. Tun a lokacin na yi wa kaina rantsuwa, ko zan mutu ba aure, ba zan zauna da namijin da ke taɓa wannan abin ba.

"Ki yi haƙuri," Kaneng ta ce tana dafa kafaɗata. "Wataƙila wani ya kawo wa."

"Wa zai kawo wa a gidan Baffa? Shi zai sha, Kaneng. A gabanmu, cikin kofin Mami, ranar da za a ba shi ni."

Na share fuskata, na gyara mayafi. Na ce a raina zan tsaya in ga lokacin da zai kai kofin nan bakinsa, in ya so daga nan kowa ya kama gabansa.

Falo ya cika. Mata sun baje a kan kafet da kujeru ana ta hirar tsadar tikitin zuwa gida, maza sun fita barandar baya wasu kuma na ciki, yara na guje-guje ana yi musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci. Baffa na kan kujerarsa ta kullum cikin farar babbar riga, carbi a hannu. Na tsaya a bakin ƙofar kicin ina kallon Fahad yana zagayawa da tire. Kowa ya ɗauka sai ya yaba. Kofi mai na'a-na'a na nan a kusurwa, babban yatsansa a kusa da gindinsa kamar mai gadi. Wata baƙuwa ta kai hannu za ta ɗauka, ya juya tiren cikin dabara ya ba ta wani.

Da ya iso gaban Baffa ya rusuna, ya sake juya tiren. Kofin ya fuskanci Baffa.

Baffa bai ko duba ba. Yana cikin magana da wani dattijo ya miƙa hannu ya ɗauka, ya kai baki ya shanye rabi a tashi ɗaya, ya lumshe ido.

M. Maitama.

Abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Alawar da ba ta yankewa a aljihunsa. Ɗakin ƙasa da yake kullewa ya ce ofis ne. Rawar da hannunsa ke yi da safe in zai ɗauki kofin shayi, wadda nake ɗora wa tsufa. Ni da nake taƙama da hancina, ashe wanda na yarda da shi ban taɓa shinshinawa ba.

Baffa ya ɗaga kofin da ba komai a ciki ya ce, "Fahad, lemon nan naka fa sai an ƙara." Mutane suka yi dariya. Fahad ya karɓa, ya bi ta kicin ya zuba markaɗe, ya nufi gareji. Na bi bayansa na rufo ƙofa.

Ya tsuguna gaban kular, kwalbar na hannunsa.

"Ajiye ta," na ce.

Ya juyo a firgice. Ya dubi fuskata, ya dubi kwalbar, ya ajiye ta a ƙasa a hankali.

"Tun yaushe?"

"Afnan, ba nan ya kamata mu yi..."

"Tun yaushe, Fahad?" Ranar ce na fara kiran sunansa gatsal.

Ya miƙe tsaye. "Tun kafin in san ki. A wani taro a Baltimore na same shi a wurin ajiye motoci, ba ya cikin hayyacinsa. Ni na kawo shi gida."

"Daga nan ka zama ɗan aikensa."

"Ki saurare ni. Duk ranar da aka tara mutane haka, in bai samu ba, ɗakin ƙasa yake sauka ya sha wadda ta fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, sannan ya dawo cikin jama'a. Na taɓa gani da idona, da ƙyar na janye shi. Wannan ba ta da ƙarfi, kuma kaɗan nake zubawa. Mutuncinsa nake karewa."

"Ni za ka yi wa bayanin kaɗan da yawa? Aikina kenan kullum. Ba a rage wa mai wannan ciwon da kofi mai ado, Fahad. Yayansa, Abbana, haka aka yi ta kare masa mutunci har aka kai shi kabari."

Na ga alama bai san wannan ba.

Tambayar da ke cina ta fito da kanta. "Shi ya sa ya ba ka ni? Ka rufa masa asiri, shi kuma ya toshe maka baki da 'yar yayansa?"

Fuskarsa ta yi kamar na watsa masa ruwan zafi. "Wallahi ban san abin da ke ransa ba. Nawa kawai na sani, kuma ke ma kin sani."

"Ban san komai ba. Ɗazu ka dube ni cikin ido ka ce ba ka taɓa sha ba."

"Kuma ban taɓa ba."

"Wataƙila. Amma da wannan idon ka dube ni duk watannin nan, kana ɗauke da wannan a but ɗin motarka."

Na karɓe kofin daga hannunsa, na ɗauki kwalbar na tura ta cikin ledarta na rufe da mayafina. A kicin na ɓoye ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na wanke kofin da sabulu, na zuba markaɗen, na karkata shi kamar yadda na ga yana yi na tsiyaya ruwan inabin halal. Kumfar ta taso ta zubo mini a hannu, don ni ban iya ba. Na tsinki na'a-na'a na ɗora.

Har gaban Baffa na je na durƙusa. "Baffa, ga shi. Wannan ni na haɗa maka."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ya kurɓa.

Kofin ya tsaya a bakinsa. Ya sauke shi a hankali, ya dubi ganyen, sannan ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba, karo na farko a rayuwata. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Baffa, in akwai abin da ka shirya sanarwa yau, don Allah a dakata. Ina da magana da kai."

Carbin hannunsa ya zame ya faɗi a kan kafet. Na ɗauka na miƙa masa na tashi.

Na koma kicin, Kaneng ta tsaya mini a bakin ƙofa tana ɗauke hankalin masu neman ƙarin masa. Na fito da kwalbar na tuntsurar da ita a wurin wanke-wanke. Tana cikin bulbulowa na ji an dafa ni. Mami ce.

Ta miƙa hannu ta buɗe famfon ruwan zafi, ta kwaso ɓawon lemon tsamin da Fahad ya bari ta murza a wurin.

"In ba ki bi da wannan ba warin kama wurin yake," ta ce.

Na dube ta. "Mami, kin sani?"

"Ni nake wanke kofunan gidan nan, Afnan." Ta karɓi kwalbar ta naɗe a tsohuwar jarida ta tura can ƙasan kwandon shara, hannunta ko rawa ba ya yi. "Na zubar, na ɓoye, na yi kuka, na kai ƙara wurin Allah. Abu ɗaya ne ban taɓa iyawa ba, in dube shi in nuna masa na sani. Me kika ce masa?"

"Na ce a dakata."

Ta gyara mini sarƙar wuyana, ta daɗe tana gyarawa. "To je ki wanke fuskarki, akwai baƙi."

Ba a yi sanarwa ba. Da aka gama cin abinci Baffa ya yi gajeriyar addu'a, ya gode wa kowa, ya haye sama. Matan suka riƙa kallon leshina suna kallon juna. Kafin la'asar gida ya watse, Kaneng ta rungume ni ta ce in kira ta ko da wane lokaci ne. Saƙon Umma ya shigo: "An sanar? Ku turo mini hotuna." Na bar shi ban buɗe ba.

Ina kwashe faranti Mami ta ce Baffa na kirana.

A falonsa na sama na same shi zaune a bakin kujera, ya cire babbar rigar da hular. Ban taɓa lura da yadda ya rame ba. Na zauna a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni.

"Fahad ne ya faɗa miki?"

"A'a, Baffa. Ni na gani. Na rasa uba ɗaya a kan abin nan. Kai kaɗai ka rage mini."

Ya rufe fuskarsa da tafukansa. "Ina riƙe da hannun Yaya ya cika. A lokacin ma ina sha, Afnan. Ni da nake likita." Ya ja numfashi. "Ba zan yi miki rantsuwa yau ba, don Yaya ya sha yi wa mahaifiyarki, kina ji. Amma gobe zan kira wani abokin aikina da ya san harkar. In kin yarda, ke da Maminki ku raka ni."

Na so in ji sanyi a raina, amma zuciyata ta ƙi sakewa. Na ce, "Za mu raka ka. Baffa, in tambaye ka?"

"Na san tambayar. Kina zaton da ke na saye bakinsa." Ya girgiza kai. "Ranar da ya same ni a Baltimore, ina ƙoƙarin tayar da mota ne. Mutanenmu da yawa sun wuce ta wurin, wasu ma sun gaishe ni. Yaron nan kaɗai ne ya buɗe ƙofa ya zare makullin daga hannuna. Na zage shi, na ce ya san ko ni wane ne? Ya ce ya sani, kuma ba zai ba ni ba. Tun ranar na ce in dai ina raye, irin wannan nake so ya riƙe ki. Kwalbar yau kuwa ni na matsa masa, na yi amfani da kunyar da yake ji tawa. Laifin nawa ne."

Na fito na shiga ɗakina na tsaya a bakin taga. To ku faɗa mini, masu karatu, wanne ne Fahad ɗin? Wanda ya ƙwace makulli, ko wanda ya cika kofi? Kuma maganar Baffa, gaskiya ce ko shi ma rufa wa nasa asiri yake?

Titi ya yi fayau, duk motocin baƙi sun tafi sai guda ɗaya a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. Wayata ta yi haske.

"Ina waje. In kin ce in tafi, zan tafi."

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Na cire sarƙar Mami na ajiye a gaban madubi, na sauya leshin da doguwar rigar zaman gida, na zura hijabi. Sannan na tura masa:

"Shigo falo. Ina da tambayoyi da yawa, kuma a gaban Mami za ka amsa su."

Ina kallo ya buɗe ƙofar motar.